Littafin Hasashe: Makonni Uku Muna Bin Tour de France ta 2024

Juma'a, 28 ga Yuni

Da daren nan na rufe karɓar hasashe. Wanda bai kawo nasa ba sai ya haƙura da kallo. Aikin da na ɗaukar wa kaina bana shi ne in rubuta abin da kowannenmu ya ce zai faru a gasar tseren keke ta Faransa tun kafin a taka feda, sannan in riƙa auna shi da abin da hanya ta nuna, zango bayan zango, har ranar 21 ga Yuli. Bara ce ta jawo wannan. Da Jonas Vingegaard ya lashe gasar da tazarar minti 7 da daƙiƙa 29, sai kowa ya koma "ai dama na faɗa", har da waɗanda suka yi ta cika baki da Tadej Pogacar. Ba wai ƙarya suke so su yi ba, mantuwa ce irin ta mai son abu.

Na tambayi kowa wanda zai tafi da rawayar riga, wato wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta bayan zango 21, da waɗanda za su zo na biyu da na uku. Sai koriyar riga ta masu tara maki, da riga mai ɗigon ja ta gwanin hawan duwatsu, da farar riga ta matasa. Na ƙara tambaya biyu: zango nawa Pogacar zai ci, kuma ko Mark Cavendish zai samu nasarar zango ta 35 a Tour, wadda babu wanda ya taɓa kaiwa. Sharaɗina ɗaya ne, kowace amsa sai da dalilinta. Ni ban saka nawa hasashen ba, tunda ni ke riƙe da alƙalami.

Mafi yawa sun tafi kan Pogacar, kuma hujjarsu a fili take. Ya cinye Giro d'Italia, babbar gasar tseren keke ta Italiya, a watan Mayu da tazarar minti 9 da daƙiƙa 56, ya ci zango 6 a can, ga ƙungiyarsa ta UAE cike da gwanayen hawa irin su Joao Almeida, Adam Yates da Juan Ayuso. Masu ja da su sun kafa hujja da tarihi: tun Marco Pantani a 1998 ba a sake samun wanda ya haɗa Giro da Tour a shekara guda ba, domin gajiyar Mayu takan fito a mako na uku na Yuli.

Magoya bayan Vingegaard sun ragu bana. Mutuminsu ya yi mummunar faɗuwa a gasar yankin Basque ranar 4 ga Afrilu, ya karye a ƙashin kafaɗa da haƙarƙari, huhunsa ya ji rauni, kuma tun daga ranar bai sake shiga wata gasa ba. Ga shi korona ta hana Sepp Kuss, babban mai taya shi a kan dutse, zuwa. Duk da haka dattijonmu, wanda kowa ke kira Baba, kuma ya fara bin gasar tun zamanin Miguel Indurain, Vingegaard ya rubuta. Dalilinsa gajere ne: ƙungiyarsa ta Visma ba za ta kawo shi ba da ba ta ga abin da yake yi a wurin atisaye ba. Kaɗan daga cikinmu sun zaɓi Primoz Roglic saboda ya ci gasar share fage ta Dauphiné a farkon watan nan. Autanmu kuwa Remco Evenepoel ya ba komai, rawaya da fara, ko da yake wannan ne zuwansa na farko.

A koriyar riga kusan baki ya zo ɗaya kan Jasper Philipsen, wanda ya ci zango 4 bara, kuma zakaran duniya Mathieu van der Poel ne ke buɗe masa hanya. Wata 'yar'uwarmu ce kaɗai ta rubuta Biniam Girmay na Eritiriya. Aka ce mata son Afirka ne. Ta ce a karanta dalilinta tukuna: ƙananan tuddai ba sa yar da Girmay kamar yadda suke yar da sauran masu gudun ƙarshe, don haka zai ɗebi maki a ranakun da su ba su iso ba, kuma koriyar riga ta mai naci ce, ba ta wanda ya fi kowa gudu rana ɗaya ba. Wannan shi ne dalili mafi tsawo a littafin.

Lahadi, 30 ga Yuni

Kwana biyu kacal, amma har an fara neman in buɗe littafi a gyara. Na ƙi.

Jiya aka tashi daga Florence, karon farko da gasar ta fara a Italiya, aka yi kilomita 206 zuwa Rimini cikin zafin rana da hawa da gangara ba hutawa. Romain Bardet na Faransa, wanda ya riga ya ce wannan ce Tour ɗinsa ta ƙarshe, ya ɓalle daga ayari ya cim ma matashin abokin wasansa Frank van den Broek a gaba, su biyun suka yi ta karɓa-karɓa har suka tsallake layi da tazarar daƙiƙa 5 kawai. Bardet ya daɗe yana neman rawayar riga bai taɓa sa ta ba sai jiya. Babu wanda ya ambaci sunansa a littafinmu, amma babu wanda bai yi masa murna ba. A can baya kuma Cavendish ya sha wuya ƙwarai, har amai ya yi a kan keke, ya iso kusan minti 39 bayan na farko. Waɗanda suka rubuta "a'a" a kan tambayarsa sun ce magana ta ƙare.

Yau a Bologna, Kévin Vauquelin ya ci zango, amma idon kowa na kan tudun San Luca, ƙasa da kilomita 2 mai tsananin tsayi. A hawa na biyu Pogacar ya miƙe a kan feda ya zabura. Mutum ɗaya ne ya manne masa a baya, Vingegaard. Ko taku ɗaya bai bari ya buɗe ba. Baba bai ce komai ba sai "kun gani?" Roglic ya yi asarar daƙiƙa 21, masoyansa suka ce ai shi dama a hankali yake ɗumama.

Litinin, 1 ga Yuli

Yau ba zan yi maganar maki ba sai a ƙarshe.

Zango ne mafi tsawo a gasar bana, kilomita kusan 231 daga Piacenza zuwa Turin, shimfiɗaɗɗiyar hanya, irin ranar da ayari ke tafiya a natse har sai an kusa gari. Saura 'yan kilomita aka yi karo a tsakiyar ayari, ya tsinke gida biyu, Philipsen ya maƙale a baya. A mita ɗari biyun ƙarshe sai ga Girmay ya kutsa ta wata 'yar kafa tsakanin Mads Pedersen da shingen ƙarfe, wurin da mutum zai ce keke ba zai wuce ba. Ya sunkuyar da kai, keken na rangaji dama da hagu a ƙarƙashinsa, ya fito gaba, Fernando Gaviria da Arnaud De Lie na biye. Da ya tabbatar ya wuce layi sai ya saki hannu ya ɗaga sama.

Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a wannan gasa da aka fara tun 1903. Kafin shi 'yan Afirka ta Kudu biyu sun ci, Robbie Hunter a 2007 da Daryl Impey a 2019, kuma ɗan Eritiriya Daniel Teklehaimanot ya sa riga mai ɗigon ja na 'yan kwanaki a 2015. Girmay, haifaffen Asmara mai shekara 24, ya riga ya ci Gent-Wevelgem a 2022, ya kuma ci zango a Giro a shekarar, inda murfin kwalbar biki ya buge shi a ido har ya janye washegari. Da aka miƙa masa makirufo yau, hawaye ne suka riga magana. Mu ma jikinmu ya yi sanyi. Har masu goyon bayan Philipsen sun manta da nasu hasashen, aka yi ta yi wa 'yar'uwarmu barka kamar ita ta hau keken. Ita kuwa ta ce a bari tukuna, zango ɗaya ba riga ba ne.

Richard Carapaz ya karɓi rawayar riga, ɗan Ekwado na farko da ya sa ta. Wannan ma babu wanda ya hango.

Laraba, 3 ga Yuli

Jiya aka tsallaka Faransa, aka haye dutsen Galibier mai tsayin mita 2,642. Ƙungiyar UAE ta ja ayari har ya zube saura 'yan tsiraru, sannan Pogacar ya kai hari ana dab da ƙololuwa. Tazarar da ya samu a sama kaɗan ce, a gangara zuwa Valloire ya faɗaɗa ta. Yanzu Evenepoel na bayansa da daƙiƙa 45, Vingegaard da 50. Ɓangarorin biyu duka sun ce ranar tasu ce: waɗannan suna cewa an fara ganin bambanci, waɗancan suna cewa wanda ya fito daga asibiti a watan Afrilu ya rasa ƙasa da minti ɗaya, a jira mako na uku. Na rubuta maganganun biyu gefe da gefe.

Yau kuma a Saint-Vulbas tambaya ta farko a littafin ta samu amsa. Cavendish, yana da shekara 39, ya ci zango na 35, ya wuce Eddy Merckx mai 34. Ya kamo Merckx tun 2021, bara ya faɗi ya karye a zango na 8 bayan ya ce zai yi ritaya, sai ya ɗage ritayar don wannan rana kaɗai. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya yi ta. A kilomitar ƙarshe ya rabu da masu buɗe masa hanya, ya riƙa tsalle daga bayan wannan zuwa bayan wancan, yana fakewa daga iska, har ya hango fili ya ratsa titin ya fita. Wannan aikin ido ne da gogewa, ba ƙarfin ƙafa kaɗai ba. Waɗanda suka ce "e" sun samu makinsu, kuma da na duba dalilansu, mafi yawa cewa suka yi kawai suna so ya samu. Na ba su maki cikakke, domin ƙa'ida ta ce a kawo dalili, ba ta ce sai ya gamsar da ni ba.

Pedersen ya faɗi da ƙarfi a wannan gudun. Girmay ya karɓi koriyar riga.

Juma'a, 5 ga Yuli

Tseren agogo, kowa shi kaɗai, kilomita 25.3 zuwa Gevrey-Chambertin. Evenepoel ya ci, Pogacar na bayansa da daƙiƙa 12, Roglic 34, Vingegaard 37. Autanmu ya cika wuri da murna, kuma ya cancanta. Baba ya ce masa, "Yaro, agogo daban, duwatsun Pyrenees daban." Ya amsa da ladabi cewa ya ji, Baba, amma ba zai canza ba ko da an ba shi dama.

Litinin, 8 ga Yuli, ranar hutu

Yau 'yan tsere na hutawa a Orléans, ni kuma na zauna na daidaita littafi.

Matsala ta farko da ban tanadi dokarta ba ita ce ta wanda ya janye. Pedersen bai fito zango na 8 ba saboda raunin kafaɗa, kuma akwai waɗanda suka zaɓe shi a koriyar riga. Sun nemi a bar su su sake zaɓe. Muka tattauna, aka tsaya a kan cewa faɗuwa da ciwo da rashin lafiya duk cikin tseren suke. Wanda ya zaɓi ɗan tsere ya zaɓe shi da ƙaddararsa. Amma don kada su zauna haka nan, daga gobe na buɗe shafi na biyu: kowace safiya mutum zai iya faɗin wanda zai ci zangon ranar, makinsa daban.

Ranar Asabar Girmay ya sake ci a Colombey-les-Deux-Églises, inda layin ƙarshe ke kan ɗan tudu, daidai irin wurin da 'yar'uwarmu ta kwatanta. A ranar ce kuma labari ya zo cewa André Drege, ɗan Norway mai shekara 25, ya rasu bayan ya faɗi a gangaren dutse a gasar Ostiriya. Muka yi shiru da gardama a daren. Mukan manta cewa waɗannan mutane da 'yar riga marar kauri suke gangarowa daga duwatsu da gudun mota.

Jiya Lahadi aka yi zangon Troyes mai yankuna 14 na hanyar tsakuwa, ƙura ta turnuƙe har ba a gane rigar kowa. Anthony Turgis ya ci. Gardamar da ta biyo baya ita ce mafi zafi tun da muka fara. Vingegaard ya yi faci, ya karɓi keken abokinsa Jan Tratnik ya ƙarasa da shi. Da shi da Pogacar da Evenepoel suka ɓalle su uku, sai ya ƙi karɓar gaba, ya lafe a baya har ayari ya kamo su. Wasu suka kira wannan tsoro. Ni ban ga tsoro ba. Mutumin da ya fi su rashin nauyi, a kan keken da ba nasa ba, a hanyar da ba ta dace da shi ba, in ya taya su ja, mataimakansa zai bari a baya, sannan su yar da shi a tsakuwa ta gaba. Ya san inda ƙarfinsa yake, ya ƙi sayar da shi da arha. Mai kallo yana son a yi ta kai hari, amma mai neman riga lissafin makonni uku yake yi.

Laraba, 10 ga Yuli

Wannan ce ranar da littafin ya kusa kifewa.

Kilomita 211 zuwa Le Lioran, a tsaunukan tsakiyar Faransa. Pogacar ya kai hari a kan Puy Mary saura kimanin kilomita 31, ya buɗe tazarar da ta haura rabin minti. Masoyansa har sun fara lissafin minti nawa zai ƙara. Sai a hawan Pertus aka ga tazarar tana narkewa. Vingegaard na zaune daram a kan sirdi, bakinsa a buɗe, ƙafafunsa na juyawa ba tare da kafaɗarsa ta motsa ba, shi kuwa Pogacar sai waiwaye yake yi. Kafin ƙololuwa ya kamo shi. Suka tafi tare har layi, inda kowa ya san Pogacar ya fi shi gudun ƙarshe nesa ba kusa ba. Vingegaard ya fara, Pogacar ya taso ta gefensa, suka jefa kekuna gaba a tare, tayar Vingegaard ta riga da ɗan kaɗan. Bayan nan ya yi kuka a gaban 'yan jarida, yana tuna halin da ya shiga wata uku da suka wuce.

Tazarar da ke tsakaninsu a jimilla minti 1 da daƙiƙa 14 ce, kusan yadda take da safe. Amma zukata sun juya gaba ɗaya. Mutanen da suka rubuta Pogacar da hannunsu yau suna cewa gajiyar Giro ta iso, suna tuno yadda ƙarfinsa ya ƙare a hawan Col de la Loze bara. Na karanta musu dalilan da suka bayar ranar 28 ga Yuni, na tambaye su wanne ne ya canza. Ƙungiyarsa na nan, tazararsa na nan. Abin da ya canza rabin taya ne. Baba kansa, da ya fi kowa cancantar murna, shi ya ja kunnen mutane: hawan yau gajeru ne, wanda ya yi sakaci da cin abinci a irin wannan doguwar rana zai iya rasa ƙarfi na awa ɗaya ya dawo gobe. Ya ce a jira dogayen duwatsu.

Juma'a, 12 ga Yuli

Girmay ya ci na uku jiya a Villeneuve-sur-Lot. Philipsen ya ci ranar Talata, ya kuma ci yau a Pau, amma maki sun riga sun taru a wancan ɓangaren.

Roglic ya faɗi jiya saura kusan kilomita 12, ya iso da kafaɗa a goge, yau bai fito ba. Haka ya janye a 2021 da 2022, bayan rawayar rigar da ta suɓuce masa a zango na 20 a 2020. Masoyansa ba su nemi a canza musu komai ba, sun san doka. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi badi ma Roglic zai rubuta. Ayuso shi ma ya sauka daga keke yau saboda korona.

Litinin, 15 ga Yuli, ranar hutu ta biyu

Pyrenees sun ba da amsa. Ranar Asabar, bayan an haye Tourmalet, UAE ta tura Adam Yates gaba a hawan Pla d'Adet, Pogacar ya zabura ya same shi, ya ɗan fake a bayansa, ya wuce. Vingegaard ya iso bayan daƙiƙa 39. A wannan hawan ne wani ɗan kallo ya watsa wa su biyun soyayyen dankali a fuska. Duk cikinmu babu wanda ya ga abin dariya a ciki. Wannan wasa ne da ba a sayen tikiti, ba katanga tsakanin mai kallo da ɗan tsere, kuma abin da ke riƙe da shi kawai mutunci ne.

Jiya, ranar bikin ƙasar Faransa, Visma ta yi abin da masoyanta suka yi ta roƙo. Tun safe suka ɗauki ragamar ayari da gudu mai tsanani don su gajiyar da Pogacar. A Plateau de Beille, hawan kilomita 15.8, Matteo Jorgenson ya ja har ƙarfinsa ya ƙare, Vingegaard ya kai hari saura kimanin kilomita 10. Kowa ya zube sai Pogacar. Saura kusan 5, Vingegaard ya sake gwadawa, ya waiwaya, sai Pogacar ya wuce shi. Minti 1 da daƙiƙa 8 a layi. A jimilla yanzu minti 3 da daƙiƙa 9, Evenepoel kuma 5 da 19. Baba ya ce ba shi da ƙorafi: mutuminsa ya yi hawan da ya fi na kowace shekara, an dai fi shi ne.

Daga nan maganar ta koma inda takan koma, wato zargin amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari. Pogacar ya rage fiye da minti 3 daga lokacin da Pantani ya yi a wannan dutse a 1998, shekarar badaƙalar magunguna ta ƙungiyar Festina. Wasu suka ce su ba za su sake yarda da kowa ba tun da aka ƙwace nasarori 7 na Lance Armstrong a 2012. Wasu suka kawo canjin kekuna da tayoyi, da yawan abincin da ake ci a kan keke yanzu, da zaman atisaye a kan tsaunuka, da kuma yadda Jorgenson da Vingegaard suka ja shi fiye da rabin hawan. Ban hana kowa faɗin ra'ayinsa ba, domin wanda aka taɓa yaudara yana da haƙƙin yin tambaya. Amma na ce zargi ba zai shiga littafin a matsayin hujja ba. Ba a kama Pogacar da laifi ba, kuma sakamakon hukuma shi muke bi.

Cavendish ya shigo jiya saura ƙasa da minti 2 wa'adin lokacin da ake cire wanda ya makara daga gasa ya cika, abokan wasansa na kewaye da shi.

Laraba, 17 ga Yuli

Jiya a Nîmes gabanmu ya faɗi. Saura kilomita ɗaya da rabi Girmay ya faɗi a wani shataletale, Philipsen ya ci zangonsa na uku ya kwashe maki 50, tazarar makin koriyar riga da ta kai 86 ta dawo 32. Abokan wasansa biyu ne suka rako shi layi, gwiwa da gwiwar hannu duk a goge. Masu Philipsen suka farfaɗo. 'Yar'uwarmu ta ɗauko taswirar sauran zanguna ta nuna cewa babu sauran shimfiɗaɗɗen zango, tunda bana ba a ƙarewa a Faris. Abin da ya rage sai makin tsakiyar hanya, kuma a can bambancin na gaba da na bayansa maki kaɗan ne. Yau Girmay ya riga Philipsen a wannan layin, ya koma 387 da 354. Abin da ya rage masa shi ne ya haye duwatsun Alps cikin wa'adi.

Carapaz ya ci zangon yau a SuperDévoluy. Yanzu ya ci zango a manyan gasa uku duka: Giro, Vuelta ta Sifaniya da Tour.

Asabar, 20 ga Yuli

Shafin hasashen kullum ya zama abu mai sauƙi a kwana biyun nan, kowa Pogacar yake rubutawa. Ranar Alhamis ce kawai ta ba mutane wuya, da Victor Campenaerts ya ci a Barcelonnette, ya kira iyalinsa ta bidiyo yana kuka, ga jaririnsu a hannun uwar.

Jiya aka haye Bonette, mita 2,802, wuri mafi tsayi a gasar. Jorgenson ya yi gaba shi kaɗai a hawan Isola 2000 yana neman nasararsa ta farko a Tour, Pogacar ya taso daga baya ya wuce Carapaz, ya wuce Simon Yates, ya kamo shi saura ƙasa da kilomita 2. Yau ma a Col de la Couillole ya bi Vingegaard har kusa da layi sannan ya wuce shi. Nan aka rabu biyu: wasu na ganin mai tazarar minti 5 ya kamata ya bar wa wani ko zango ɗaya, wasu na cewa kyautar nasara raini ce ga wanda aka ba. Ina tare da na biyun. Vingegaard da ya ci a Le Lioran, darajar abin ita ce ba a bar masa ba.

Carapaz ya tabbatar da riga mai ɗigon ja. A wannan tambayar kusan kowa ya faɗi, domin yawanci ko Pogacar aka rubuta ko wani gwanin hawa na Faransa.

Litinin, 22 ga Yuli

Jiya aka rufe da tseren agogo na kilomita 33.7 daga Monako zuwa Nice. Wasannin Olamfik ne suka sa aka kauce wa Faris, kuma rabon da a ƙare Tour da tseren agogo tun 1989, lokacin da Greg LeMond ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8. Bana babu irin wannan fargaba. Pogacar ya ci a hanyoyin da yake atisaye kullum, zangonsa na 6, ya lashe gasar karo na uku yana da shekara 25. Vingegaard na biyu da minti 6 da daƙiƙa 17, Evenepoel na uku da 9 da 18 tare da farar riga. Girmay ya kai koriyar riga gida. Cikin mutum 176 da suka tashi daga Florence, 141 suka iso, Cavendish ne na ƙarshensu.

Na gama tattara maki da safen nan. 'Yar'uwarmu ce ta zo ta ɗaya. Rawayar riga ba ta raba mutane ba, tunda mafi yawa sun dace a kanta, koriyar ce ta ɗaga ta sama da kowa. Autanmu ya samu makin farar riga. Baba ya rasa na rawaya, amma ya ci shafin hasashen kullum da tazara, domin shi kafin ya faɗi suna sai ya duba tsawon hawan ƙarshe da inda iska za ta kaɗa. A tambayar yawan zangunan Pogacar babu wanda ya kai 6, har masoyansa na gani-kashe-ni.

Akwai gyaran da zan yi kafin Vuelta ta Sifaniya, wadda za a fara a Lisbon ranar 17 ga Agusta. Zan rage makin rawayar riga, wadda a can ja ce, in ƙara na sauran riguna, domin a nan ne ake gane wanda ya zauna ya karanta hanya. Zan ƙara tambaya a kan wanda zai ci zangonsa na farko a babbar gasa, saboda Vauquelin da Turgis sun nuna mana akwai giɓi a wurin. Dokar wanda ya janye za ta shiga rubuce tun farko. Shafin dalili kuma yana nan, kuma wannan karon zan karanta wa kowa nasa a kowace ranar hutu. Za a fara karɓar hasashe da zarar ƙungiyoyi sun fitar da sunayen 'yan tserensu, a rufe daren 16 ga Agusta.